Na kwafi katin ƙofa a otal ɗin da nake SIWES, a gida kuma Baba yana zargin ina yahoo

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, a nan Bauchi nake karatu, nan ne kuma gidanmu. Tun bara son harkar tsaron hanyoyin sadarwa da fasahar katuna ya kama ni. A aji galibi a allo muke ganin abin, shi ya sa na tara kuɗi na sayi 'yar na'urar karanta kati da fararen katuna ina gwaji da kaina. Yanzu ina SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, a wani otal, ina taya mai kula da kwamfutocinsu aiki. Wata rana mai shara ta bar katinta na buɗe ɗakuna a kan tebur ta tafi salla, sai na ɗora shi a na'urata don in gani kawai. Ya kwafu. Na gwada sabon katin a ƙofar sito, ta buɗe. Ban ɗauki komai ba, ban kuma gaya wa kowa ba sai wani abokina mai POS. Shi kuma tun ranar ya matsa mini in haɗa masa abin da zai riƙa kwafar katin ATM na masu zuwa cire kuɗi, mu raba abin da aka samu. Ban ce masa komai ba tukuna. A gida kuma wani ya kai wa Baba labari wai ina yahoo, saboda ina kwana a kan laftof, har ya ce zai karɓe ta. Malam, in gaya wa manaja ko in ja bakina? Kuma in haƙura da wannan fanni ne gaba ɗaya?

Ɗalibi, daga Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka ta biyu gajeriya ce: kada ka bar fannin. Yaron da zai hana cikinsa ya sayi kayan gwaji saboda abin da ke allo bai ishe shi ba, irinsa ake nema a wannan aiki. Sai dai katin da ke aljihunka ba zai jira mu gama yabonka ba, don haka da shi zan fara.

Yawancin makullan otal masu aiki da kati suna ajiye tarihin buɗewa a cikinsu: wane kati ne, wace rana, ƙarfe nawa. Makulli bai san fuska ba, lamba ya sani. A wurinsa, ranar da ka buɗe sito, wannan baiwar Allah mai shara ce ta buɗe. Idan gobe aka nemi kwalin sabulu ko galan ɗin mai aka rasa, manaja ya sa aka zazzage tarihin makullin, sunanta ne zai fito, a daidai lokacin da take kan sallaya. Za ta rantse da Allah ba ta shiga ba, ba wanda zai yarda da ita, domin na'ura ta ba da shaida a kanta. Mace ce da ƙila wannan ɗan albashi ne ke riƙe da gidanta. Ka ce ba ka ɗauki komai ba, kuma na yarda da kai. Amma ka ari sunanta ba da saninta ba, kuma muddin katin nan yana hannunka, ko ya faɗi wani ya tsinta, ko abokinka ya ce ka ara masa ya gani, haƙƙinta yana wuyanka.

Akwai kuma doka. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma shiga tsarin na'urar wani ba da izini ba yana cikin abubuwan da ta yi magana a kai. Gaskiya ne alƙali yana duba niyya. Amma kafin a zo gaban alƙali ana maganar niyya, mutum ya riga ya kwana a bayan kanta, an riga an kira mahaifinsa, labari ya riga ya zaga unguwa. Duk abin da kake koyo, mai kare tsari da ɗan dandatsa, wato mai kutse, kayan aikinsu ɗaya ne, manhajarsu ɗaya ce, har littattafan da suke karantawa ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne mai kayan ya sani kuma ya yarda. Wanda ke koyon gyaran kwaɗo a bakin kasuwar Wunti, kwaɗunan da ya saya ko aka kawo masa yake farkewa. Ranar da ya gwada gwanintarsa a ƙofar shagon maƙwabci, ko da bai taɓa allura ba, sunansa ya canja.

Bari in gaya maka dalilin da katin ya kwafu, don ka san girman abin da ka gano, kada ka raina shi kada kuma ka kumbura shi. Katunan da ake ɗorawa a jikin makulli ba tare da an zura su ba iri biyu ne suka fi yawa. Akwai masu aiki a kan zangon rediyo na kilohaz 125, waɗanda da yawansu ba su da wani tsaro, lamba ɗaya suke da ita, duk na'urar da ta matso kusa sai su faɗa mata. Akwai masu aiki a kan megahaz 13.56, bisa ƙa'idar ISO 14443, kuma a cikinsu wanda ya cika duniya shi ne MIFARE Classic na kamfanin NXP. Mai girman 1K an raba shi sashe 16, kowane sashe yana da mabuɗai biyu, A da B, kowane mabuɗi bit 48. Daga masana'anta katin yana zuwa da mabuɗin da kowa ya sani, harafin F sau goma sha biyu, ana sa ran wanda ya kafa tsarin zai canja. Da yawa ba sa canjawa. Idan katin ya buɗe maka ba tare da ka yi gumi ba, mai yiwuwa ɗaya daga cikin waɗannan ka tarar.

Ko da an canja mabuɗin ma, wannan kati ya daɗe da faɗuwa. Kamfanin ya ɓoye lissafin da ke kulle bayanan, wanda ya sa wa suna Crypto-1, yana ganin ɓoyewar ita ce tsaro. A watan Disamba na 2007, a wani taron masana kwamfuta a Berlin ta Jamus, Karsten Nohl da Henryk Plötz suka nuna yadda suka kankare ƙwayar katin, wato 'yar na'urar lantarkin da ke cikinsa, ɓawo bayan ɓawo, suka ɗauki hotonta da madubin ƙara girma, suka fara zaƙulo lissafin. A 2008 masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka ƙarasa aikin. A lokacin irin wannan kati ne ake shiga jirgin ƙasa da bas da shi a Landan, shi ne kuma ke buɗe ƙofofin ma'aikatu masu yawa. Abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne, waɗannan malamai da ɗalibansu sun sanar da gwamnati da kamfanin watanni kafin su buga sakamakon. NXP ya garzaya kotu don a hana su bugawa, kotun Holan ta ƙi amincewa a watan Yuli na 2008. Sun iya tsayawa a gaban alƙali da ƙafafunsu ne saboda sun bi hanya tun farko. Ko a baya-bayan nan haka aka yi: masu binciken da suka gano rauni a makullan otal na Saflok, wanda ya shafi ƙofofi sama da miliyan 3 a ƙasashe 131, sun sanar da kamfanin a watan Satumba na 2022, ba su fito da maganar fili ba sai Maris na 2024, kuma ko a lokacin ba su baza cikakken yadda ake yi ba.

Ke nan ba sabon abu ka gano wa duniya ba. Amma ka gano wa otal ɗin nan abin da masu shi ba su sani ba, kuma baƙin da ke kwana a ciki da kuɗinsu da iyalansu suna da haƙƙin a gyara. Saboda haka shiru ba naka ba ne. Ka faɗa.

Yadda za ka faɗa shi ne inda ake yin kuskure. Kada ka fara da manaja. Ka fara da wanda aka damƙa ka a hannunsa, wato mai kula da kwamfutocin, domin idan ka tsallake shi zai ji kamar ka je ka tona masa asiri ne, kuma mutumin da ya ji an kunyata shi ya fi kowa saurin mai da kai mai laifi. Kafin ma ka same shi, ka je wurin malamin da makarantarku ta ba aikin duba ku a SIWES, ka kwashe labarin duka ka gaya masa, har da cewa ka ɗauki katin ba da izini ba. Zai yi maka faɗa, ka haƙura ka ji. Amfanin hakan shi ne ranar da magana ta tashi, akwai babba da zai ce yaron nan da kansa ya zo ya same ni tun kafin kowa ya sani. Daga nan sai ka sami mai gidanka na wurin aiki a keɓe, ka ajiye masa katin a gabansa, ka ce ka yi gwajin da bai kamata ka yi ba sai da izini, ga abin da ka gani, ga ranar da lokacin da ka buɗe sito, a rubuta cewa kai ne ba mai shara ba. Wannan magana ta ƙarshe kada ka bari ta wuce a baki, ka sa ta a takarda, ka riƙe kwafi. Ita ma baiwar Allahn ka nemi afuwarta.

Kada ka ce za ka nuna musu a ƙofar ɗakin baƙo don su yarda. Kada ka ɗauki bidiyo ka sa a Facebook ko a WhatsApp, ko da ka rufe sunan otal ɗin, Bauchi ba ta da girman da za a kasa ganewa. Kada kuma ka haɗa maganar da kuɗi, irin a ce a biya ka sai ka faɗi gyaran. Daga bakinka zai fito kamar neman lada, a kunnensu zai shiga kamar barazana. Gyaran ka faɗe shi kyauta a shafi guda: a canja mabuɗan da suka zo daga masana'anta, a soke katin mai sharar a ba ta sabo, a daina barin katin buɗe ɗakuna a kan tebur, sannan a tambayi wanda ya sayar musu da makullan ko suna karɓar katuna irin MIFARE DESFire masu kulle bayani da lissafin AES, wanda a fili yake kowa ya bincika shi kuma har yanzu yana tsaye.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai yiwuwar su fusata su ce ka tattara kayanka. Manajoji iri-iri ne. Idan haka ta faru, malaminka zai taimaka a nemo maka wani wurin ka ƙarasa watannin da suka rage, kuma wannan asara ce da ake iya ɗauka. Wadda ba a iya ɗauka ita ce su gano da kansu bayan wani abu ya ɓace. Idan kuma sun ji sun yi godiya amma ba su gyara komai ba, ka sauke naka nauyin, kada ka sake gwadawa don ka tuna musu.

Sai abokinka mai POS. Ka ce ba ka ce masa komai ba tukuna. Wannan tukuna ɗin shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka duka. Mutum ya zo ya ce ku haɗu ku yi wa tsofaffi masu karɓar fansho da mata masu adashe da manomin da ya sayar da buhunan masararsa sata, ba magana ce da ake cewa bari in yi tunani ba. Ka ce masa a'a, sau ɗaya, a fili. Idan ta saƙo ya yi maka maganar, ka ba shi amsa ta saƙo kada ka goge. Kada ka ara masa na'urarka ko laftof ɗinka ko na awa guda, kada ka bari wani kuɗinsa ya bi ta asusunka. Dokar nan ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya yi wa na'urar ATM ko POS kutse da niyyar damfara, kuma ba ta bar wanda ya taimaka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya riga ya san maganar otal, wannan ma wani dalili ne da zai sa ka riga shi faɗa, don kada wata rana ya riƙe ka da ita.

A matsayinka na ɗalibin fannin kuma, ya kamata ka san abin da yake nema ba ya yiwuwa yadda yake zato. Katin ATM ba katin ƙofa ba ne. A da, bayanin kati yana kan baƙin zirin maganaɗisun da ke bayansa, kuma ba ya canjawa, duk wanda ya karanta sau ɗaya zai iya zuba shi a wani katin. Shi ya sa tun wajajen 2010 Babban Bankin Najeriya ya mai da bankuna kan kati mai ƙwaya da lambar sirri, bisa tsarin EMV, wanda ya samo sunansa daga Europay da Mastercard da Visa. Wannan ɗan murabba'i mai ruwan zinare ƙaramar kwamfuta ce. A cikinta akwai mabuɗin sirri da ba ya fitowa waje. Duk lokacin da aka zura katin, na'ura tana ba ƙwayar adadin kuɗin da kwanan wata da wata lamba da ba a iya hasashenta, ƙwayar ta haɗa su da ƙidayar da take yi na sau nawa aka yi amfani da ita, ta sarrafa da mabuɗinta ta fitar da hatimi na wannan ciniki kaɗai. Banki ya duba hatimin ya tabbatar. Wanda ya saurari zancen ya kwafe, hatimin da ya samu ya riga ya mutu, ba zai yi aiki a ciniki na gaba ba.

Shi ya sa masu damfarar kati a ƙasar nan galibi ba ƙwaya suke fasawa ba, mutum suke yaudara. Su ɗauki hoton gaba da bayan kati don samun lambarsa da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya. Su leƙi yatsun tsoho yana danna lambar sirri. Su musanya masa kati a bakin ATM da sunan taimako. Su kira waya su ce daga banki ne, BVN ɗinka ya sami matsala, karanto mana lambar da aka turo maka yanzu. Su saci waya su cire layin su kwashe asusu ta lambobin USSD. Ba ɗaya a ciki da ke buƙatar ilminka. Abin da abokinka zai samu daga gare ka shi ne wanda zai nuna da yatsa ranar da aka kama shi, ya ce ga injiniyan da ya haɗa mini. Kuma kamawar ba wuya: kowace na'urar POS tana da lambarta, an ɗaure ta da asusu da BVN na mai ita, kowane ciniki yana barin sawu. Mutum uku su kai ƙorafi banki, a duba a ga dukansu sun bi ta rumfa ɗaya, magana ta ƙare.

Akwai wani saurayi ɗan Ingila, Marcus Hutchins. A watan Mayu na 2017, yana da shekara 22, shi ne ya gano yadda za a tsayar da muguwar manhajar WannaCry da ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya ta kuma bazu ƙasashe da dama. Duniya ta yi ta yabonsa. A watan Agusta na wannan shekarar jami'an FBI suka kama shi a Las Vegas ta Amurka, ba kan WannaCry ba, kan wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos da ya sa hannu a cikinta shekarun baya yana ɗanye. Ya amsa laifi a 2019, alƙali ya sassauta masa saboda ya riga ya canja hali. Shi ya ci sa'a. A wannan fanni na'urori ba sa mantuwa, kuma bankin da zai ɗauke ka aiki gobe ya ba ka mabuɗin taskarsa, tarihinka zai fara tonowa kafin takardunka.

Maganar Baba ta fi sauran sauƙi, in ka bi ta a hankali. Tsoronsa ba jahilci ba ne. Yana jin rediyo, yana jin EFCC ta kama samari da laftof da wayoyi, ga ofishinsu nan kusa a Gombe. Ya ga ɗansa yana kwana a gaban baƙin allo mai fararen rubutu, ga katuna marasa suna a ɗaki, ga wani ya zo ya raɗa masa magana. Uban da bai damu ba a nan shi ne abin tambaya. Kada ka yi musu da shi, kada ka ce ai Baba ba za ku gane ba, wannan kalma kaɗai ta isa ta sa ya karɓe laftof ɗin. Ka fara ta wurin Inna, ko wani Baffa da yake jin maganarsa. Ka kawo takardar rajistar darussanka ka nuna masa sunayensu. In malaminka zai yarda ya yi magana da shi ta waya na minti biyar, ya fi bayaninka na wata guda. Sannan ka bar shi ya ga amfanin abin a jikinsa: ka sa wa layinsa lambar sirri yadda ko an saci wayar ba za a iya amfani da shi a wata ba, ka kunna masa tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, ka zauna ka bayyana masa dalilin da banki ba zai taɓa kiran sa ya nemi lambar sirrinsa ba. Dattijon da ɗansa ya tsare masa asusu, da bakinsa zai kare shi a majalisa. Na san dare ne lokacin da data ta fi araha kuma wani lokaci sai dare ake samun wuta, amma ka rage, ka riƙa yin wani aikin da rana a tsakar gida inda kowa ke wucewa. Maganar otal kuma, bayan ka gama da malaminka da wurin aikin, ka gaya masa da bakinka. Gara ya ji daga gare ka.

Yanzu ga yadda za ka ci gaba da koyo ba tare da ka taɓa kayan kowa ba. Laftof ɗin nan taka ta isa ɗakin gwaji. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka kwamfutocin gwaji a cikin laftof ɗinka, ka kafa Kali Linux mai ɗauke da kayan gwajin tsaro a ciki, ka kafa Metasploitable a gefe, wadda da gangan aka cika ta da ramuka don a koyi kutse a kanta, ka haɗa su a hanyar cikin gida da ba ta fita intanet. Nan ka harba Nmap, manhajar leƙa buɗaɗɗun ƙofofin na'urori, yadda ka ga dama. Amma kada ka harba shi a waifai na makaranta ko na otal ko na maƙwabci, ko da leƙe kawai ka yi niyya. Ka buɗe Wireshark, manhajar kallon saƙonnin da ke bi ta hanyar sadarwa, a kan haɗin wayarka da laftof ɗinka, ka zauna ka kalli yadda na'ura ke neman adireshi, yadda ake gaisuwar nan mai mataki uku ta TCP kafin a fara zance, da bambancin shafin da ke tafiya a buɗe da wanda aka kulle. A ganina nan ne yawancin samarinmu ke yin gaggawa. Suna son manhajar da za a danna ta fasa, ba sa son zaman fahimtar yadda saƙo ke tashi daga wata na'ura ya isa wata. Wanda bai iya raba adireshin IP ba, bai san Linux ba, ko ya fasa wani abu ba zai iya bayanin yadda aka yi ba, kuma bayanin shi ake biya. Packet Tracer na Cisco zai ba ka damar haɗa hanyoyin sadarwa na gwaji ba tare da ka sayi ko waya ɗaya ba. Wasan Bandit na OverTheWire rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma zai gasa ka a Linux. Darussan PortSwigger na tsaron shafukan intanet kyauta ne. TryHackMe da Hack The Box da picoCTF duk an gina su ne don a ba ka izinin kutsen tun daga ƙofa. Ka kuma sa ido kan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, tsaron intanet yana cikin fannonin da ake koyarwa.

A ɓangaren kati, fararen katunanka su ne filinka. Ka gina makulli naka da Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, da na'urar da ka saya, ka fara da wanda lambar kati kawai yake dubawa, ka fasa shi da kanka, ka gyara, ka sake fasawa. Ka rubuta 'yar manhaja mai tantance lambar kati da lissafin Luhn, wanda Hans Peter Luhn na IBM ya ƙirƙiro tun shekarun 1950, da lambobin gwaji ba na mutane ba. Ka karanta ƙa'idar ISO 7816 ka ga yadda na'ura ke aika wa ƙwaya umarni tana amsawa, ka gwada a tsohon layin wayarka, domin shi ma kati ne mai ƙwaya. Littattafan EMV suna nan kyauta a shafin EMVCo, kamfanin da ke kula da tsarin, suna da nauyi, amma wanda ya daure ya karanta su ya fita daban. Ƙasar da ke da katin banki na Verve tun 2009, da BVN tun 2014, da katin AfriGo tun 2023, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare abin da suka tara, tana buƙatar masu fahimtar wannan abu daga tushe, kuma a Arewa ba su da yawa. Duk gwajin da ka yi ka rubuta shi a littafi: me ka yi niyya, me ka yi, me ka gani, yaya za a gyara. Wannan littafi zai yi maka amfani a gaban masu ɗaukar aiki tun kafin ka sami kuɗin jarrabawar samun shaidar ƙwarewa irin Security+ ko CCNA.

Watarana wani zai ce ka duba masa tsarinsa, mai makaranta ko mai kanti ko ma wannan otal ɗin in Allah ya sa sun fahimce ka. Kada ka karɓi izinin baki, ko da ɗan'uwanka ne. A rubuta a takarda: waɗanne na'urori ne aka yarda ka taɓa da waɗanda ba a yarda ba, daga wace rana zuwa wace rana, wa za ka kira idan wani abu ya tsaya, wa za ka miƙa wa rahoto, kuma me za a yi da bayanan da ka gani bayan an gama. Wanda zai sa hannu ya zama mai wurin ne ko wanda yake da ikon ba da wannan izini, ba mai gadi ko abokinka da ke aiki a ciki ba. Kwafi ɗaya a wurinsu, ɗaya a jakarka duk ranar da za ka je aikin.